Ko ya kamata a wajabta darasin kisan ƙare dangi a makarantun gwamnati?

Wani ɗan'uwa daga Gadarif a gabashin Sudan, wanda yake cikin majalisar iyayen yara ta makarantar unguwarsu, ya aiko mini da tambaya. Ya ji cewa a wasu ƙasashe doka ce ta tilasta wa makarantun gwamnati su koyar da tarihin kisan ƙare dangi, kuma wasu matasa sun fara kawo maganar a yi haka a Sudan idan Allah ya kawo ƙarshen yaƙi. Abu biyu ke damunsa. Na ɗaya, kada darasin ya zama fama gyambo, yara su tashi da gaba a zuci. Na biyu, kada ya zama ƙofar shigo da ra'ayin Turawa, a koya wa yaranmu kukan wasu, a manta da namu da na Falasɗinawa. Ya nemi ra'ayina saboda na daɗe ina koyar da tarihi da horar da malamai.

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka ɗauki abin da muhimmanci. Ra'ayina shi ne a wajabta. Sai dai sa hannu a kan doka shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin aikin, kuma idan aka tsaya a nan, ko aka bar wanda ya ci yaƙi ya rubuta littafin shi kaɗai, tsoronka na farko zai tabbata.

Kana gudun kada makaranta ta sanar da yara abin da zai ɓata musu zuciya. To wane yaro ne a Sudan yau bai sani ba? A Gadarif ɗin da kake, makarantu nawa ne suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani da Sinja? Na shiga wani aji da iyalai suka raba da zannuwa da igiya. Hayaƙin murhu ya baƙanta bango har kusa da rufi, ga kuma ragowar lissafin da wani malami ya rubuta a allo tun kafin yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ba wanda ya goge. Yaran da suka kwana a wannan aji sun ji duk abin da manya ke faɗa bayan isha'i: wace ƙabila ce ta yi, su wa suka nuna gida, su wa ba za a ƙara yarda da su ba har abada. Wanda bai ji a gida ba ya gani a wayar yayansa, a Facebook da TikTok. Ana ba su darasin dare da rana tun tuni. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ko makaranta za ta sa baki, ko za ta bar wa mai fushi fagen shi kaɗai.

Ya kamata mu san mene ne za a koyar, domin a bakin mutane kowane kisa mai yawa ya zama kisan ƙare dangi. A doka abin yana da iyaka. Ranar 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi, bayan fafutukar da wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Folan, Raphael Lemkin, ya yi, mutumin da aka kashe yawancin danginsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Yarjejeniyar ta ce laifin shi ne a yi wa jama'a wasu ayyuka da niyyar shafe su, duka ko wani sashe, saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu ko launinsu ko addininsu. Ayyukan sun haɗa da kisa, da raunata jiki ko hankali, da jefa mutane cikin halin da ba za su rayu ba, da hana haihuwa, da ƙwace yara a mayar da su cikin wata jama'a. Ƙashin bayan maganar shi ne niyya, kuma niyya ce mafi wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. Sudan ta shiga wannan yarjejeniya a 2003, shekarar da wutar Darfur ta tashi.

Darfur ɗin ita ce ta fi nuna amfanin sanin wannan iyaka. A Satumbar 2004 sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya ce kisan ƙare dangi ne. A Janairun 2005 kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Antonio Cassese ya ce an tafka laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama, amma bai ga cewa gwamnati ta bi manufar ƙare dangi ba, ko da yake wasu mutane na iya kasancewa sun yi da wannan niyya. A 2010 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, kan tuhumar kisan ƙare dangi ga Fur da Masalit da Zagawa, kuma har yau bai gurfana a gabanta ba. A Oktoban 2025 kotun ta sami Ali Kushaib, wani jagoran mayaƙan sa-kai na Janjawid, da laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama kan abin da aka yi a Kodum da Bindisi da Mukjar da Delej. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne suka mutu a wancan yaƙi, gwamnatin lokacin ta ce 10,000. Ɗalibin sakandare da aka zaunar aka nuna masa waɗannan a jere, ya gane bambancin abin da kotu ta yanke da abin da ake tuhuma da abin da wata gwamnati ta faɗa don wata buƙata tata, wannan ɗalibi ya sami abin da zai hana a ja shi da saƙon murya na WhatsApp. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa hujjar darasin.

Abin da ka ji game da wasu ƙasashe gaskiya ne. Jihar Ilinoi ta Amurka ta wajabta koyar da kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa tun 1990, sannan a 2005 ta faɗaɗa dokar ta ambaci Armeniya da Yukiren da Kambodiya da Bosniya da Ruwanda da Sudan. Ka duba wannan da kyau, Alhaji. Yaro a Cikago doka ta ce a koya masa abin da ya faru a ƙasarmu, yaro a Niyala kuwa, wanda aka haifa a sansanin Kalma, littafin makarantarsa bai san da shi ba. Ingila ta sa darasin cikin manhajarta ta ƙasa tun 1991. Amma da masu bincike na wata jami'a a Landan suka tambayi ɗalibai kusan 8,000 bayan shekara ashirin da wani abu, sai suka tarar da yawansu suna ɗora komai a kan Hitler shi kaɗai, ba su san rawar da maƙwabta da 'yan sanda da ma'aikatan ofis da na jirgin ƙasa suka taka ba. Doka ta tabbatar an ambaci abin a aji, ba ta tabbatar an fahimce shi ba. Kuma ainihin abin da ya kamata a fahimta shi ne wanda ya kuɓuce musu.

Ƙasashen da abin ya faru a cikinsu sun fi kama da mu. Ruwanda, inda masu tsattsauran ra'ayi daga ƙabilar Hutu suka kashe mutum kusan 800,000, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi, cikin kwana ɗari a 1994, ta dakatar da koyar da tarihin ƙasa a makarantu har kusan shekara goma, saboda tsohon littafin yana cikin abin da ya hura wutar. Daga baya ta dawo da shi, yanzu kuma darasin kisan ƙare dangi ya ratsa manhajarta. An yaba musu, amma masu bincike da dama sun yi ƙorafin cewa labari ɗaya tilo gwamnati ta yarda a faɗa, kuma maganar fararen hular da sojojin da suka ci yaƙin suka kashe ba ta da wurin zama a aji. Bosniya ta fi muni. A can Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa kowa da littafin tarihinsa, har akwai gine-ginen da yara ke shiga a matsayin makarantu biyu ƙarƙashin rufi ɗaya. Kotunan duniya biyu sun tabbatar cewa kisan maza da samari Musulmi fiye da 8,000 a Sirebirenika a Yulin 1995 kisan ƙare dangi ne, amma shugabannin ɓangaren Sabiyawa sun fito fili sun ce ba za a koyar da haka a makarantunsu ba. Kambodiya kuwa sai da ta yi shekara talatin bayan faɗuwar gwamnatin Khmer Rouge, wadda ta yi kisan, a 1979 kafin littafi na sosai ya shiga hannun ɗalibai a 2009, lokacin da yara da yawa sun fara ɗaukar labarin kakanninsu a matsayin ƙari da gishiri.

Abin da na ɗauka daga waɗannan duka shi ne cewa darasin bai kamata ya zama jerin sunayen waɗanda aka kashe da adadinsu ba. Abin koyarwa shi ne yadda ake shirya mutum mai hankali, mai salla ko mai zuwa coci, har ya ɗauki adda ya nufi gidan maƙwabcinsa. Hakan ba ya faruwa rana ɗaya. A Ruwanda Turawan Beljiyam ne suka sa ƙabila a katin shaida tun shekarun 1930, kuma wannan katin ne aka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda malamai kan ce Tutsi su miƙe tsaye a aji a ƙirga su, shekaru kafin kisan. Jaridar Kangura ta buga dokoki goma na Hutu a 1990. Gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai tsakanin waƙa da waƙa. Kuma kada wani ya ce maka jahilci ne kawai. A taron Wannsee na Janairun 1942, inda manyan jami'an Jamus goma sha biyar suka tsara yadda za a gudanar da kashe Yahudawan Turai, takwas daga cikinsu suna da digirin dakta. Kurkukun Tuol Sleng na Kambodiya makarantar sakandare ce aka mayar gidan azaba, shugabanta kuma tsohon malamin lissafi ne. Yawan karatu bai taɓa hana kowa ba, sai idan an koya masa wannan abu da gangan.

Akwai abin da nakan yi idan ina horar da malamai. Nakan rubuta jimloli uku a allo, ba tare da na faɗi inda na samo su ba: waɗannan mutane baƙi ne, sun zo sun cinye mana ƙasa, a mayar da su inda suka fito. Sai in ce kowa ya faɗi inda aka yi wannan magana. A wani zama wata malama ta ce Damazin, babban birnin jihar Nilul Azraƙ (Blue Nile), ba ta ko ɗaga kai ba. Wani daga bayan aji ya ce a'a, Jinaina ta Darfur. Wani ya ce ai a kasuwar garinsu ya ji. Sannan na gaya musu cewa a Nuwamban 1992 wani ɗan siyasar Ruwanda mai suna Léon Mugesera ya tsaya gaban jama'a ya ce Tutsi daga Habasha suka zo, kuma ta kogin Nyabarongo za a mayar da su. Bayan shekara ɗaya da rabi kogin ya cika da gawarwaki. Ba sai na ƙara wani bayani ba, malaman da kansu suka ɗauki zancen, aka yi ta yi har lokacin salla. Wannan ita ce hikimar farawa da labarin nesa: mutum yana iya duban abin da idon basira tun da ba ƙabilarsa ake zargi ba, sannan shi da kansa ya juyo da shi gida.

Mu Hausawan Sudan mun san waɗannan jimloli kamar sunanmu. Kakannin wasunmu alhazai ne da hanyar Makka ta ajiye su tun ƙarnoni da suka wuce. Wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Guminsu yana cikin audugar Jazira da dawar Gadarif. Duk da haka wa a cikinmu bai san wanda ya sha wahalar neman takardar jinsiyya ba, ana ce masa ya kawo shaida a kan shaida? A 2008 jama'armu sun fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif kan maganar da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. A Yulin 2022 kuma rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ bayan taƙaddama kan neman masarauta ga Hausawa da kuma mallakar ƙasa. Daga Ƙaisan ya bazu Rusairis da Wad al-Mahi, ya sake tashi a Oktoba, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum fiye da 350 da aka kashe, kusan 97,000 suka bar gidajensu. Babu kotun da ta kira wannan kisan ƙare dangi, ni ma ba zan ce wa yaro haka ba. Amma matakan farko duk sun bayyana, kuma maganar baƙo da ɗan ƙasa ta daɗe tana yawo kafin a harba harsashi na farko.

Ga inda na san wasu 'yan'uwa ba za su ji daɗina ba. A 2022 an kashe daga kowane ɓangare. Akwai uwa 'yar Hamaj ko Barta da take kukan ɗanta kamar yadda tamu take kuka. A Kasala masu zanga-zangarmu sun ƙona ofisoshi da shaguna. Kuma duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na dangi a wancan lokaci ya san irin kalaman da suka fita daga bakunanmu game da wasu ƙabilu. Idan darasin zai koya wa ɗan Bahaushe cewa shi kullum wanda aka zalunta ne, ya koya wa ɗan Masalit haka, ɗan Rizaigat haka, ɗan Ja'aliyyin haka, to mun tara itacen wuta ta gaba da kuɗin gwamnati. Kusan duk waɗanda suka yi kisan ƙare dangi sun yi ne suna ganin kansu masu kare kai. An riƙa tuna wa Hutun Ruwanda kisan da aka yi wa Hutun Burundi a 1972 da kashe shugaba Ndadaye a 1993, abubuwan da suka faru da gaske. An riƙa tuna wa Sabiyawa sansanin Jasenobak na Yaƙin Duniya na Biyu, shi ma gaskiya ne. Da zalunci na gaskiya ake haɗa hujjar zalunci na gaba. Saboda haka dole yaro ya fita daga ajin yana tambayar kansa abin da shi zai iya aikatawa, ba abin da za a iya yi masa kaɗai ba.

Shi ya sa nake son a ba waɗanda suka ƙi shiga wuri mai faɗi a cikin darasin. A Maris na 1997 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Nyange a Ruwanda da dare, suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne, aka buɗe musu wuta, wasu suka mutu. Akwai Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal Musulmi cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya riƙa ɗibar mutane a motarsa yana ratsa shingaye ba tare da makami ba, ya ceci ɗaruruwa kafin a kashe shi a ƙarshen Mayun 1994. Sai dai gaskiya ta sa a faɗa wa yaran cewa editan Kangura, Hassan Ngeze, shi ma Musulmi ne, kuma kotun duniya kan Ruwanda da ke Arusha ta ɗaure shi. A nan gida ma akwai irin su Mbaye a kowane gari da wuta ta ratsa, mutanen da suka ɓoye maƙwabta 'yan wata ƙabila a ɗakin matansu. Tattara labarinsu tun suna raye aiki ne da ya kamata a fara yau.

Littafin tarihinmu ya iya ba da labarin kisan da baƙo ya yi mana. Kowane ɗalibi ya san yadda Mak Nimir ya ƙona Isma'il Basha, jagoran sojan mamaya na Masar, a Shandi a 1822, da ramuwar gayya ta kwamandansu Daftardar, da dubban da suka faɗi a yaƙin Karari da sojan Ingila a 1898. Amma manoma kusan ɗari biyu na Joda da suka mutu a kulle cikin ɗaki guda a Kosti a Fabrairun 1956, makonni kaɗan bayan samun 'yanci, fa? Dinka fiye da dubu da aka kashe a Da'en a Maris na 1987, da yawa an ƙona su cikin taragon jirgin ƙasa, fa? Malaman Jami'ar Khartum biyu, Ushari Mahmud da Sulaiman Baldo, su suka je suka rubuta abin da ya faru. Duwatsun Nuba a farkon shekarun 1990 fa? Ban taɓa koyar da ɗaya daga cikin waɗannan daga littafin gwamnati ba. Gyambon da kake tsoron a fama, Alhaji, shekara saba'in ke nan muna ɗaure shi da tsumma ba mu wanke ba, ga shi ya kai ƙashi.

Tsoronka na biyu yana da tushe, ba zan raina shi ba. Akwai manhajojin da idan ka karanta sai ka ɗauka a Turai kaɗai aka taɓa zubar da jini. Maganin hakan shi ne mu rubuta namu, mu faɗaɗa. Kisan ƙare dangi na farko a ƙarni na ashirin a Afirka aka yi shi, lokacin da Jamus ta hallaka Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908, kuma sai a 2021 ta amsa shi da sunansa. Musulmin Cham na Kambodiya suna ciki, kotu ta tabbatar a 2018. Rohingya fiye da 700,000 sun tsere daga Miyanma a 2017, kuma Gambiya ce, ƙaramar ƙasar Afirka ta Yamma, ta kai ƙara Kotun Duniya a 2019. Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila wannan kotu a Disambar 2023 kan Gaza, kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Satumbar 2025 an aikata kisan ƙare dangi a can, Isra'ila kuma ta musanta. Duk wannan ya shiga aji, da ma'auni ɗaya. Amma ma'auni ɗayan nan shi ne kuma ya hana mu tsallake Yahudawa miliyan shida da 'yan Nazi suka kashe. Abin ya faru, takardun masu kisan da kansu sun cika ɗakuna, kuma daga gare shi aka samo dokar da ake kai ƙarar Gaza da ita. Wanda ya koya wa ɗansa musun wancan saboda fushin wannan ya koya masa cewa jini yana da daraja ne gwargwadon wanda ya zubar da na wa, kuma da wannan tunani aka shiga Jinaina.

Kuma maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaron da ya je khalwa, wato makarantar allo, ya haddace Suratul Buruj tun yana ƙarami, labarin mutanen rami da aka ƙona saboda imaninsu, wanda malaman tafsiri da yawa suka danganta da Najran. Farkon Suratul Ƙasas ya faɗi yadda Fir'auna ya rarraba mutanen ƙasa ƙungiya-ƙungiya, ya raunana ɗaya, yana yanka 'ya'yansu maza. Rarrabawa ta riga yanka. Malamin addini da na tarihi za su iya haɗuwa a kan wannan ba tare da wani ya aro komai daga waje ba.

Babban haɗarin yana wurin wanda zai riƙe alƙalami. Mun ga abin da ya faru a cibiyar manhaja ta Bakhtur Rida, gidan da ke horar da malamai tun 1934. A Janairun 2021 hoto guda a littafin tarihi na aji shida ya tayar da ƙura har Firaminista Hamdok ya dakatar da sabuwar manhaja, shugaban cibiyar Umar al-Garrai ya ajiye aiki. Idan hoto ya yi haka, ina ga babin Darfur? Littafi na gaskiya dole ya faɗi abin da dakarun Da'amus Sari', wato RSF, da mayaƙan da ke tare da su suka yi wa Masalit a Jinaina a 2023, inda masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000, da kashe gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abbakar, da Ardamata, da Wad an-Nura, da Zamzam, da Fashir a Oktoban 2025. Amurka ta kira abin da suka yi kisan ƙare dangi a Janairun 2025. Dole kuma littafin ya faɗi cewa gwamnatin Khartum ce ta kafa wannan runduna a 2013 daga cikin Janjawid, majalisa ta yi mata doka a 2017. Dole ya faɗi hare-haren da aka kai wa mazauna kanabi, wato sansanonin ma'aikatan gona, a Jazira a Janairun 2025 daga mayaƙan da ke goyon bayan soja, da yadda aka riƙa tsare mutane a garuruwa saboda fuskarsu baƙuwa ce. Kowane ɓangare zai so rabin wannan jeri ya goge ɗaya rabin. Saboda haka dokar da zan goyi baya sai ta ɗora rubutun a hannun kwamiti mai zaman kansa, da malamai daga Darfur da Kurdufan da Nilul Azraƙ da gabas da arewa, ta ce a dogara da hukuncin kotuna da rahotannin bincike, ta kuma ware kuɗin horar da malamai. Jihar Masacusets ta Amurka da ta yi irin wannan doka a 2021 ta haɗa ta da asusu na musamman. Mu da malamanmu suka yi watanni ba albashi mun fi su buƙatar wannan sharaɗi.

Game da yadda za a tsara shi, a firamare ba na son a kawo kisa ko kaɗan. Ya isa a koya wa yaro labarin masu ceto, a hana kiran juna da sunan raini, kuma malami kada ya taɓa tambayar ƙabilar yaro a gaban aji. A mutawassiɗa, wato makarantar midil, a kawo Ruwanda da Namibiya da Jamus, domin samari da yawa daga nan suke barin makaranta, kuma su ne ake miƙa wa bindiga. Na Sudan ya zo a sakandare, kafin a raba ɗalibai zuwa sashen kimiyya da na adabi, don kada likitoci da injiniyoyi da hafsoshin gobe su wuce ba su ji ba. Ya shiga jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, tun da mun san abin da ba ya fitowa a shahada ba a karanta shi, amma tambayar ta zama ta fahimtar yadda abin ke ginuwa, ba ta haddar adadi ba. Kada a nuna hotunan gawarwaki. Kada a yi wasan kwaikwayo a ce wasu su zama masu kisa wasu waɗanda ake kashewa. Kada a tayar da yaron da ya gudo daga Fashir a ce ya ba da labari, in ya so faɗa zai faɗa a lokacinsa. Sannan a tuna cewa a Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, don haka khalwa da masallaci da rediyo sai sun ɗauki nasu kason.

Ku a majalisar iyaye ba sai kun jira doka daga sama ba. Ku sami mudir, wato shugaban makaranta, ku nemi a fara da malamai kawai, ba yara, a zauna a kan labarin Ruwanda kaɗai a karon farko. Ku tabbata cikin masu zaman akwai malaman da gudun hijira ya kawo muku daga wasu jihohi, da limamin unguwa, da mata. Idan malaman suka iya tattauna shi a tsakaninsu har aka tashi lafiya, sai a gwada da aji ɗaya na manyan ɗalibai, a sanar da iyayensu tun kafin ranar. A gaishe mini da mutanen gida da sauran 'yan majalisar.